Taro Daban, Ciniki Daban

Yau daga Kusa za mu ɗauko zancen, nan ƙasar Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar, inda yaro ke tashi da sanin kuɗi iri biyu a aljihu ɗaya.

Kwanan baya na je gaishe da ƙanwata. Ɗanta saurayi ne, ya gama sakandare, shi da abokansa suna ɗaukar wasan barkwanci da waya suna ɗorawa a YouTube da Facebook. Ko ruwa ban gama sha ba ya tsuguna gabana, ya miƙo mini waya, baki har kunne.

Ya ce, "Kawu, dubi nan. Mutum dubu ɗari biyu suka kalla."

Na ce, "Madalla, Allah ya ƙara. To sai me?"

Ya ce, "Ai an ce kowane dubu ɗaya dala huɗu ake biya. Dala 800 ke nan. In an canja, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Har na je na taya babur."

Na ce, "Ɗana, wace dalar? Ta Amurka ko ta Maraɗi?"

Uwarsa ta fashe da dariya daga madafa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maraɗi ya san sefa biyar ake ce wa dala a can, don haka dala 800 jika huɗu ce kacal, wato sefa dubu huɗu. Wasa na yi masa, amma akwai magana a cikin wasan. Lissafin yaron nan shi ne wanda dubban samarinmu ke yi a yau, daga Jibiya har Katsina, daga Kano har Damagaram, kuma mafi yawansa lissafin dokin Rano ne. Abin da zan faɗa a sharhin nan guda ɗaya ne: taro daban, ciniki daban. Kuma babu wanda ya kamata ya riga mutumin bakin iyaka gane haka.

Ka tsaya a Magama ranar da hanya ta buɗe sosai, ka yi ta ƙidayar motocin da ke wucewa zuwa Ɗan Isa. In ka ƙirga ɗari, me ka sani? Ba ka san wadda ta ɗauko kaya da wadda ta wuce fayau ba. Ba ka san wadda ta wuce sau uku ka ƙirga ta uku ba. Ba ka san direban da zai tsaya ya ci tuwo da wanda ko gilashi ba zai sauke ba. Mai abinci a bakin tasha ba da yawan motoci take auna shinkafa ba. Da yawan masu zama kan benci take aunawa.

Haka ƙidayar intanet take. Lambar da ɗan ƙanwata ya nuna mini ba adadin mutane ba ce, adadin buɗewa ce. Mutum ɗaya zai iya buɗe bidiyo sau biyar. Wani yatsansa ne ya zame, ya fita kafin a yi sallama. Shekara da shekaru, daƙiƙa uku kawai bidiyo zai yi a gaban mutum Facebook ya rubuta an kalla. Daƙiƙa uku ko atishawa ba ta isa ba. Wani mai kallon ma ba ɗan Adam ba ne. Kamfanonin tsaron intanet, irin su Imperva, sun sha bayar da rahoton cewa kusan rabin zirga-zirgar da ake yi a intanet na'urori ne masu sarrafa kansu, ba mutane ba.

Ta ɗaya gefen kuma, a ƙasarmu ƙidayar tana yi mana ƙwauro. Waya ɗaya a majalisar dare, mutum goma sun haɗa kai a kanta, na'ura ta rubuta ɗaya. Wani ya sauke bidiyon ya tura wa ƙauye guda ta Xender ko WhatsApp, na'ura ba ta gani ba. Masu tura fina-finai a rumfunan caji suna zuba shi a katin waya, ya bi 'yan kasuwa har Madarunfa, babu wanda ya rubuta. Sannan ga abin da ya keɓanta da mu: mutumin Kusa mai layi biyu, in ya kalla da layin Najeriya a rubuta shi ɗan Najeriya, in ya juya kan layin Nijar a rubuta shi ɗan Nijar, alhali yana zaune kan tabarma ɗaya. Wani wurin ƙidayar ta yi ƙari, wani wurin ta yi ragi. Duk wanda ya ce maka ya san adadin masu kallonsa daidai wa daida, ka yi masa uzuri.

To wa ke riƙe da mudun? A kasuwar hatsi, in mai saye ya zo da tiyarsa, kai ma kana iya ɗauko taka a gwada. A wannan kasuwa kuwa, mai rumfa shi ne mai mudu, shi ne dillali, shi ne mai biya. Google ne ke ƙirga masu kallon YouTube, Meta ke ƙirga na Facebook. Kuma mudun nasu ya taɓa samun tangarɗa. A shekarar 2016 Facebook ya amsa cewa ya yi ta kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke yi suna kallon bidiyo. Masu talla suka kai ƙara a Amurka, a 2019 aka sasanta kan dala miliyan 40. In manyan kamfanoni masu lauyoyi sun sha wannan, ina ga yaro mai waya ɗaya a Kusa?

Akwai kuma masu kintace daga waje. Da can Alexa ce ake ji da ita wajen jera wa ya fi wa jama'a, har kamfanin Amazon ya rufe ta a watan Mayun 2022. Yanzu akwai irin su Similarweb da Social Blade. Waɗannan ba su da makullin ɗakin kowa. Daga ƙofar gida suke leƙe, su ƙiyasta. Social Blade ma ba ya ɓoyewa, yakan ba da kintacensa tsakanin kwatan dala da dala huɗu a kan kowane kallo dubu. Ku duba tazarar nan, ninki goma sha shida ce. Kamar ka tambayi dillali kuɗin sa ne ya ce maka tsakanin dubu ɗari da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa maka komai ba. Ɗan ƙanwata sai ya tsallake lambar ƙasa, ya rungumi ta sama, ya tafi tayin babur.

Yanzu mu zauna mu yi lissafin yadda ɗan kasuwa zai yi shi. Lambobin da zan kawo misali ne, don a ga yadda kuɗin ke zagwanyewa a hanya.

Da farko, kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyoyinka na tsawon awa 4,000 cikin wata goma sha biyu. In gajerun bidiyo kake yi, sai kallo miliyan goma cikin kwana 90. Wanda bai kai nan ba, ko duk Katsina ta kalle shi, sisi ba ya shiga aljihunsa ta wannan hanya.

Mu ɗauka ka tsallake wannan shinge. Mai talla ba kallon bidiyonka yake saye ba, fitowar tallarsa yake saye. Abin da yake biya kan kowace fitowa dubu shi ake kira CPM. Mu ce dala biyu. Amma ba kowane kallo ne talla ke fitowa ba. Mu ce cikin dubu ɗari biyun nan, rabi ne suka ga talla, dubu ɗari ke nan. Dala biyu sau ɗari, dala 200. Daga nan mai rumfa ya cire la'adarsa. A dogon bidiyo YouTube na ba mai bidiyo kashi 55 cikin ɗari, ya riƙe 45. Saura dala 110. Abin da ya rage maka a kan kowane kallo dubu, shi ne RPM, kuma shi ne kaɗai lambar da ta shafi tukunyarka. A misalin nan ko dala ɗaya bai kai ba, rabi ne da 'yan kai. In mun sa dala a naira 1,500, kuɗin ya kama naira 165,000. Ina miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu?

Da sauran rina a kaba. Kuɗin ta AdSense, tsarin tallar Google, suke biyowa, kuma ba a turo maka sai sun kai dala 100. Kafin nan sai sun tabbatar da adireshinka, ta hanyar aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya. Duk wanda ya san yadda wasiƙa ke isa ƙauyukanmu ya san wannan ma wani jidali ne. Tun 2021 kuma ana cire harajin Amurka daga abin da ka samu a kan masu kallo na can. Sai ka zo ka cire naka: kuɗin data, wanda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, da kuɗin caji, da man babur, da ɗan abin da za ka ba abokan wasa. Mutum biyar suka yi wasan nan. In an raba, kowa ya samu na sabulu. Alhamdu lillahi, ba a raina samu, amma babur sai a jira wata kakar.

Wani zai ce, to don me bature mai masu kallo daidai da nawa yake gina gida? Amsar tana wurin 'yan canji. Naira dubu da sefa dubu duk dubu ne a baki, amma ba ɗaya ba ne a hannu. Kasuwar talla gwanjo ce. Duk lokacin da aka buɗe bidiyo, cikin ƙiftawar ido masu talla ke yin tayi a kan idon mai kallon. In yana zaune a Amurka ko Ingila, bankuna da kamfanonin inshora da masu motoci suna rububinsa, farashi ya hau. In yana zaune a Jibiya ko Maraɗi, masu tayin kaɗan ne, farashi ya kwanta. Ba darajar ɗan Adam ake aunawa ba, abin da ake zaton zai saya ake aunawa. Shi ya sa Bahaushe ɗari da ke kallonka daga Landan ko Jidda za su iya fin dubu na gida kawo kuɗin talla. Har damina da rani gare ta, wannan kasuwa. Watanni ukun ƙarshen shekara, lokacin sayayyar Kirsimeti a ƙasashen Turai da Amurka, farashi kan tashi, Janairu na kamawa ya faɗi. Kakarsu ce ke yanke maka farashi, ba taka ba.

Ga wani abin takaici ga masu rubutu. Shekara da shekaru jerin harsunan da AdSense ya amince a sa talla a kan rubutunsu bai ƙunshi Hausa ba. Akwai Larabci, akwai Faransanci, akwai harsunan ƙananan ƙasashen Turai da masu jin su ba su kai mutanen jihar Katsina yawa ba. Harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da shi daga Agadas har Kumasi, wanda aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da shi tun 1939, BBC ta fara watsa shiri da shi tun 1957, shi ne aka bari a bakin ƙofa. Wannan ya sa marubuta da yawa suke cakuɗa Turanci a aikinsu don talla ta samu wurin zama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai babban darasin, wanda mutanen Jibiya suka karanta da jikinsu. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. An buɗe wasu a ƙarshen 2020, amma ta Jibiya sai a watan Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame iyakar har watan Maris na 2024. Ku tambayi mai shayi, da mai faci, da ɗan dako, da 'yan kamasho, yadda rayuwa ta kasance. Ba wanda ya shawarce su. Dare ɗaya hanya ta mutu. A tsakiyar rufewar farko kuma, a watan Satumban 2021, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Jibiya. Wata da watanni ba kira, ba saƙo, balle ɗora bidiyo.

Wanda ya dogara da kuɗin talla daga kamfanin waje, rumfa ya kafa a bakin hanyar da wani ke riƙe da makullinta. Sai a tsakiyar 2024 Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla, bayan wasu ƙasashe sun daɗe suna ci. Wanda ya buɗe ƙofa ran da ya ga dama, yana iya rufe ta ran da ya ga dama. Yana iya sauya ƙa'ida, yana iya rage mutanen da yake nuna wa aikinka, yana iya rufe maka asusu, kuma babu ofishinsa a Katsina da za ka je ka yi ƙorafi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kwaɗayin lamba kuma yana jefa yara a rami biyu. Na farko algus. Ana haɗa ƙungiya, danna mini in danna maka, ko a biya wani ya zuba maka mabiya na bogi. Kamfanonin nan sun fi ka sanin wannan dabara. Ran da suka gano, asusun da kuɗin da ke ciki duk sai su tafi tare. Ko ba su gano ba, in ka nuna wa ɗan kasuwar garinku mabiyan bogi ka karɓi kuɗinsa, tauye mudu ka yi, kuma sura guda aka saukar a kan masu wannan hali. Rami na biyu ya fi muni. Mu nan mun san abin da kalmar hari take yi wa zuciyar uwa. Amma sai ka ga yaro ya ɗauko tsohon hoto, ko na wata ƙasa, ya rubuta yanzu-yanzu a Jibiya, don mutane su yi ca a kansa. Kasuwa ta watse, matafiyi ya juya, mai hawan jini ya faɗi. Kuma abin ban haushi, irin waɗannan hotuna na jini da gawa su ne YouTube ke rage musu talla ko ya hana gaba ɗaya, don masu talla ba sa son a ga hajarsu kusa da su. Ka sayar da hankalin garinku, ko kuɗin data ba ka mayar ba.

To shin a daina ne? A'a. Sana'a ce, kuma akwai masu cin halak ɗinsu a cikinta. A dai yi ta da idon ɗan kasuwa.

Ka sayi littafi na takarda, irin na masu shago. Duk wata ka rubuta abin da ya shigo hannunka, ba abin da allo ya nuna ba, ka rubuta abin da ka kashe. Bayan wata shida ka raba kuɗin da yawan kallo, ka ga nawa dubu ɗaya ke kawo maka. Wannan ne farashinka, ba na wani mai koyar da sirrin arziki a bidiyo ba. In za ka yi kintacen gaba, ɗauki watan da ya fi muni ka gina a kansa.

Cikin lambobin da suke nuna maka, uku ne abin kula. Mutum nawa suka dawo? Minti nawa suka zauna? Daga ina suke? Wanda ya dawo shi ne abokin ciniki. Wanda ya leƙo sau ɗaya ɗan kallo ne.

Wannan tambaya ta uku, daga ina suke, a nan arzikin yake ɓoye. Mai kallo na Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi, wanda gwanjon Google ya yi wa tayin wulaƙanci, shi ne wanda mai atamfa a kasuwar Jibiya yake nema ido rufe. Shi mai sayar da taki yake nema, da mai gyaran sola, da mai makarantar kuɗi, da mai motar haya. Gidajen rediyo da wannan suka rayu tun kafin a haifi intanet, da sanarwar ɗaurin aure da tallar ɗan kasuwar gari. Mutum dubu biyar da suka san ka, suka yarda da maganarka, kuma ƙafarsu na iya kai su shagon, sun fi wa Alhaji mai shago amfani a kan miliyan ɗaya da ke warwatse a duniya. Da ɗan gari akan ci gari. Ga kuma layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Duk ran da jirgi ya fara tsayawa a nan, masu neman a san da su a harshen Hausa, a ɓangarori biyu na iyaka, ƙaruwa za su yi.

Ku kuma 'yan kasuwa, in yaro ya zo neman talla, kada hoton allo ya ruɗe ku, ana iya gyara shi. Ku ce ya buɗe lissafin a gabanku, ku ga garuruwan masu kallonsa. Sannan ku gwada shi da abin da ba ya ƙarya. Ku ce duk wanda ya zo ya ambaci sunan shirinsa za a yi masa ragi, ku ƙirga masu zuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Da na gama wannan dogon bayani, ɗan ƙanwata ya yi shiru, ya juya wayar a hannu.

Ya ce, "Kawu, ke nan babur ɗin ya tafi?"

Na ce, "Bai tafi ba, ɗana, hanyar da ka bi ce ba ta kai wa gare shi. Buɗe mini wurin da ke nuna garuruwa."

Ya buɗe. Katsina a sama, Kano na biye, sai Maraɗi. Na ce masa gobe in Allah ya kai mu ya yi wanka, ya sa hula, ya ɗauki wayar nan ya nufi layin masu sayar da babura, ya nuna musu su wa ke kallonsa, ya tambaye su nawa za su biya a ambaci shagonsu. Uwarsa ta leƙo ta ce in ya samo, kafin babur a fara sayo mata buhun gero.